Lena Richard, matar da ta sa sunanta a kan miyar kuɓewa

Mahaifiyata ta yi shekara goma sha ɗaya tana dafa abinci a gidan wasu masu hali a cikin garin Lome. Kullum bayan sallar asuba take barin Bè-Kpota, ba ta dawowa sai an yi isha'i, kayan jikinta duk hayaƙi da albasa. In an yi baƙi a gidan, suka ci suka suɗe hannu, uwar gidan ake yaba wa, ita ake tambaya yadda ake haɗa miyar, ita kuma ta yi murmushi ta ce sirrin gida ne. Mma tana bayan ƙofar kicin tana ji. Da ciwon ƙafa ya fara damunta, aka sallame ta da albashin wata guda da turmin atamfa. Ba takarda, ba shaida, babu abin da za ta nuna a wani gidan don a san abin da ta iya. Na fara da wannan ne don mai karatu ya gane dalilin da ya sa labarin wata Ba'amurkiya da ta mutu tun 1950, wadda ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, ya tsaya mini a rai.

Wajen shirya darasi na gamu da ita. Ina neman abin da zan gaya wa ɗalibaina a kan cinikin bayi, musamman inda jiragen da suka tashi daga bakin tekun nan namu suka dosa. Birazil kam kowa ya sani, don ga zuriyar waɗanda suka zo daga can muna zaune tare, su Olympio da de Souza da d'Almeida, ga konkada da yara ke saye a ƙofar makaranta, ga fechuwada da ake dafawa a gidajensu ranar biki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jirage biyu na farko da suka kai bayi Luwiziyana, wadda yau jiha ce a kudancin ƙasar Amurka, a 1719, daga Wida suka ɗauko su. Widan nan ta Benin, wadda in ka hau mota a Lome da hantsi za ka yi azahar a can. An kuma umarci masu jiragen su sayo irin shinkafa, su nemo mutanen da suka iya noma ta. Ka ga ke nan tun ranar farko ba ƙarfin damtse kaɗai aka zo nema ba, har da sani. Ina bin wannan zaren ne na faɗa kan abincin birnin New Orleans, daga nan na ga hoton wata mata baƙar fata sanye da fararen kaya, tana tsaye a bakin teburin girki, kyamarar talabijin na kallonta. Ita ce Lena Richard.

An haife ta a 1892 a wani ƙaramin gari mai suna New Roads, a gundumar Pointe Coupée, yankin gonakin rake da auduga kusa da kogin Misisipi. Sunanta na gida Lena Paul. Ita wannan gunduma tana da tarihi da mu. A 1791, lokacin Sifaniyawa ke mulkin ƙasar, an kama wasu bayi a wurin bisa zargin shirya tawaye, sunan da takardun shari'a suka kira su da shi kuwa shi ne Mina. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, wadda ta shafe shekaru tana tonon takardun kotunan Luwiziyana, ta tafi a kan cewa mutanen wannan gaɓar tamu ne, masu harshe dangin wanda ake ciniki da shi a Asigame yau. A cikin jerin bayin da ta tattara har da waɗanda aka rubuta ƙabilarsu Hausa. Ba wai ina ƙulla wa Lena zumunci da su ba ne. Abin da nake nufi, ƙasar da ta buɗe ido a kanta ta riga ta sha gumin mutanenmu, tukwanen da ta tarar kuma hannunsu ya riga ya bi ta kansu.

An hana bauta a Amurka a 1865, amma Lena ba ta tashi cikin 'yanci cikakke ba. A shekarar da aka haife ta ne aka kama wani mutumin New Orleans, Homer Plessy, don ya zauna a taragon jirgin ƙasa na farar fata. Shari'ar ta kai kotun ƙoli, a 1896 kotun ta halatta raba baƙi da farare a jirgi, daga nan abin ya bazu ko'ina, makaranta da asibiti da gidan abinci. Cikin wannan doka ta rayu, cikinta kuma ta mutu. A riƙe wannan a zuciya, don duk abin da zan faɗa nan gaba ta yi shi ne a garin da ba ta da ikon zama ta ci abinci a manyan gidajen abincin da irin girkinta ya ɗaukaka.

Tana ƙarama iyayenta suka koma New Orleans. Mahaifiyarta da innarta suna aikatau a gidan wasu farare masu suna Vairin, a kan titin Esplanade. Lena kan je ta taya su bayan an tashi daga makaranta, tana da shekara goma sha huɗu aka ɗauke ta aiki sosai. Uwar gidan, Alice Vairin, ta lura yarinyar tana da hannu, sai ta ware mata rana guda a mako ta dafa abin da ta ga dama.

To me ake dafawa a irin wannan kicin? Nan ne labarin ya yi mini daɗi, don kusan duk abin da na karanta sai in ga ɗan'uwansa a unguwarmu.

Faransawa suka kafa New Orleans a 1718. Daga baya ƙasar ta koma hannun Sifaniya, ta sake dawowa Faransa na ɗan lokaci, a 1803 Napoleon ya sayar wa Amurka. Waɗanda aka haifa a can, ko jinin Faransa ne ko na Sifaniya ko na Afirka ko gauraye, su ake kira Kiriyol, abincinsu ma haka. Sarkin abincin shi ne gumbo. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Lome: gombo, kuɓewa ke nan da Faransanci, ita kalmar kuma daga harsunan yankin Angola da Kongo ta fito. Miya ce mai romo da ake zuba wa a kan shinkafa, da kaza ko ƙaguwa ko jatan lande ko kawa. Wanda ya taɓa shan fetri desi da ƙaguwa a gidan maƙwabta ya yi rabin tafiya.

Abu uku ake kaurara ta da su. Na farko kuɓewa. Na biyu wani gari da suke kira file, ganyen bishiyar sasafaras ne ake shanyawa a daka a tankaɗe, mutanen Choctaw, 'yan asalin ƙasar, su suka koya wa baƙi. Da na karanta wannan dariya na yi ni kaɗai, na ce ai kuka ce. Bambancin kawai ita ba a tafasa ta, sai an sauke tukunya ake barbaɗawa, in ba haka ba miyar ta yi zare-zare. Na uku shi ne gadon Faransa, wanda suke kira ru: fulawa da mai ake soyawa a wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, har ta yi launin ƙuli-ƙuli ko ma ta fi shi duhu. Ka ɗauke ido kaɗan ta ƙone, in ta ƙone kuwa ba gyara sai zubarwa. A kan wannan ake zuba albasa da koren tattasai da seleri, su ne tushen kusan kowace miya tasu, kamar yadda tamu ba ta tashi sai da albasa da attarugu da daddawa. Wato a tukunya ɗaya ga Afirka, ga 'yan ƙasa, ga Turai.

Jambalaya kuwa dafa-duka ce, shinkafa da nama da kayan miya a tukunya guda. Ran Litinin, ranar wanki, sai su ɗora jan wake tun safe ya yi ta dahuwa shi kaɗai yayin da hannu ke cikin ruwan sabulu, da yamma a ci da shinkafa. Ayimolu ke nan, ko wake da shinkafa, duk yadda ka kira shi. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne kala. Ragowar dafaffiyar shinkafa ake dama wa, a bar ta ta kwana ta tashi, da asuba a soya a mai a barbaɗa sukari. Mata baƙaƙe ke ɗaukar ta a kai cikin kwando, suna zaga titi suna talla, musamman safiyar Lahadi in an fito daga coci. Wallahi in ba masa ba ce to ƙanwarta ce. A zamanin Sifaniyawa doka ta ba bawa damar fansar kansa, kuma da kuɗin irin wannan talla wasu mata suka fanshi kansu. Haka aka san Rose Nicaud, baiwar da ta riƙa sayar da kofi a kasuwar da ake kira ta Faransawa har ta sayi 'yancinta. Kofin nasu ma da saiwar shikore ake haɗa shi a zuba madara mai zafi, wanda ya san Ricoré ya san ɗanɗanon. Akwai kuma piralin, alewar sukari da wata ƙwaya mai suna pekan, wadda ita ma mata ke talla, tamkar konkada ko kantun gyaɗa.

Sau da yawa za ka ji an haɗa Kiriyol da Kajun kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kajun zuriyar wasu manoma ne masu jin Faransanci da Ingilishi suka kora daga Akadiya, a gabashin Kanada, tun daga 1755. Wasunsu suka gangaro Luwiziyana suka zauna a ƙauyuka da fadamu. Girkinsu na karkara ne: abin da aka kamo a ruwa ko aka harbo a daji, ru mai duhu sosai, barkono da yawa, tumatir ba sosai ba. Daga yankinsu, a Avery Island, Edmund McIlhenny ya fara yin ruwan barkonon Tabasco a 1868, wannan 'yar kwalbar da ake gani a manyan kantuna. Girkin Kajun bai yi suna a duniya ba sai wajen 1980, ta hannun wani kuku Paul Prudhomme. Lena ta birni ce, girkinta na Kiriyol ne, mai tumatir da bota da tsari.

Bari in tsaya in faɗi abin da na san yana ran mai karatu. Eh, da yawa daga wannan abinci ba namu ba ne yadda yake. Naman alade yana ciki dumu-dumu, musamman wanda ake cusawa a hanji a ƙyafe, suna kiransa anduy, da ƙashin da ake jefawa a cikin wake. Wasu miyoyin ana ɗiga musu giya, garin kuma ya yi suna da haɗe-haɗen barasa irin su Sazerac. Wannan ba ruwanmu da shi. Amma gumbon kayan ruwa, in an yi ru ɗin da man gyaɗa, babu abin da zai hana Musulmi ci, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Inda suke sa alade don ƙamshin hayaƙi kuwa, bandar kifi ko ƙyafaffiyar kaza ta isa. Na gwada, ban ji abin da ya rage ba.

Mu koma ga Lena. Alice Vairin ta sa ta makarantar koyon girki a cikin gari, daga baya ta tura ta Boston, can arewa, makarantar da Fannie Farmer ta kafa. Ta gama a 1918. Wannan Fannie Farmer ita ce ta yi fice wajen dagewa a kan awo: kofi kaza, cokali kaza, a share bakinsa ya yi daidai, ba tuli ba ragi. Lena ta ba da labari daga baya cewa a harkar nama da miya ba ta tarar da wani abu mai yawa da ba ta sani ba, illa kayan zaƙi da salak da ta ƙaru da su. Abokan karatunta farare su suka koma suna binta da littafi, suna tambayar yadda ake gumbo, suna rubutawa. A ganina babban abin da ta ɗauko a Boston ba girki ba ne. Ta ga cewa abin da ke hannunta ilimi ne da ake biyan kuɗi a koya, ta kuma ga yadda ake mayar da shi rubutu.

A matsayina na mai koyarwa wannan wurin na fi daɗewa a kai. Ka tambayi kowace mai waina a Zongo gishiri nawa take sawa, za ta ce daidai. Ruwa fa? Har ya yi. Gaskiya take faɗa, hannunta ya san daidai ɗin. Amma ilimin da ke hannu kaɗai ba ya zuwa inda mai hannun ba ta je ba, kuma duk wanda ya iya rubutu zai iya zama kusa da ita ya kwashe ya sa sunansa. Abin da ya faru a New Orleans ke nan. An buga littattafan girkin Kiriyol tun 1885, ɗaya na marubuci Lafcadio Hearn, ɗaya na wata ƙungiyar mata farare. A 1900 jaridar Picayune ta fitar da nata, ta kuma faɗa da bakinta cewa daga tsofaffin kukumai baƙaƙe aka tattaro girke-girken kafin su ƙare. An yaba musu a dunƙule, ba a jera sunayensu a kan girkinsu ba. Hoton da aka fi so a ga mace baƙa mai girki a cikinsa shi ne na wata ƙatuwar baiwa mai ɗankwali tana dariya, irin wanda aka manna a kwalin fulawar Aunt Jemima shekaru fiye da ɗari.

Da ta dawo gida Lena ba ta tsaya a aikatau ba. Ta riga ta auri Percival Richard, suna da 'ya ɗaya, Marie. Ta fara karɓar kwangilar abincin biki da liyafa daga gidanta, ta yi girki a Orleans Club, kulob ɗin matan manyan gari farare, ta buɗe ƙananan wuraren sayar da abinci. Ta yi suna da wani askirim da take ƙerawa kamar kankana, koren ɓawo da jan ciki da 'ya'ya, sai an yanka a gane. Marie kuma ta yi karatun tattalin gida a jami'ar Xavier, ta zama hannun damar uwarta.

A 1937 uwa da 'ya suka buɗe makarantar koyon girki. Manufar a fili take, ta kuma rubuta ta: a koya wa samari da 'yan mata baƙaƙe dafa abinci da gabatar da shi yadda za su iya kowane irin taro, don su samu bakin neman albashi mai tsoka. Ba ta ce musu su bar kicin ba, don ta san ƙofofin da aka bar musu a buɗe ba su da yawa. Cewa ta yi su shiga da shaida a hannu. Duk shekara ina rasa yarinya ɗaya ko biyu daga ajina, an cire ta an kai ta aikatau ko an ɗora mata tire. Nakan je gidan in yi magana, wani lokaci a ji, sau da yawa ba a ji. Abin da ke ci mini rai ba girkin ba ne, ai sana'a ce mai albarka, da ita aka biya mini kuɗin makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne za ta shekara goma tana yi, ta ƙware, ta fita kamar yadda Mma ta fita.

Lena tana kuma koyar da matan farare a aji dabam, tunda doka ba ta yarda a haɗa ba. Yawan tambayar da suke mata ya ƙara mata ƙarfin gwiwar yin littafi. Ita tana faɗa tana aunawa, Marie tana rubutawa. A 1939 ta buga shi da kanta, da suna Lena Richard's Cook Book, girki sama da 300. Ana ɗaukarsa littafin girkin Kiriyol na farko da baƙar fata ya wallafa.  Sannan ta cika akwati da littattafan ta nufi New York tana sayarwa. Can 'yar jaridar abinci Clementine Paddleford ta jaridar Herald Tribune ta yi rubutu a kanta, James Beard ma ya mara mata baya, a 1940 babban kamfanin ɗab'i Houghton Mifflin ya sake buga shi da sunan New Orleans Cook Book, ya shiga ko'ina a ƙasar.

Daga nan sai kira ya yi ta zuwa. Ta zama shugabar kicin a Bird and Bottle Inn, a garin Garrison na jihar New York, inda miyarta ta jatan lande ta yi farin jini har aka riƙa sa ta a gwangwani ana aikawa. Ta dawo gida ta buɗe Lena's Eatery a 1941. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka ɗauke ta ta riƙe kicin ɗin Travis House a Williamsburg ta jihar Bajiniya, tsohon garin da kuɗin gidan Rockefeller ya gyara don masu yawon buɗe ido. Manyan hafsoshi da manyan baƙi sun ci girkinta a can, har da Clementine, matar Winston Churchill, da 'yarsu Mary. Abin lura, Williamsburg gari ne da aka gyara don tuna zamanin da baƙaƙe ke bauta a kicin ɗin farare. Ita kuwa ta shiga a matsayin shugaba mai littafi, mutane na neman ta sa musu hannu a kai.

A 1945 ta koma New Orleans, ta shiga wata sabuwar harka: dafa gumbo da miyar kififfiya da sauransu, a daskarar a ƙanƙara, a aika wasu garuruwa. A lokacin abin sabo ne ƙwarai. Tana da shekara hamsin da 'yan kai, ba ta ji tsoron na'ura ba.

A 1949 ta buɗe gidan abincinta na ƙarshe, Gumbo House, a kan titin Louisiana Avenue, kusa da cocin Katolika na Holy Ghost. Ita ma 'yar Katolika ce. Gidan na dangi ne, mijinta da 'yarta da surukinta duk suna ciki. Yawancin masu ci baƙaƙe ne, waɗanda a wasu wuraren sai dai su karɓa ta ƙofar baya, a nan kuwa su zauna a tebur mai shimfiɗa a kawo musu. Farare ma sukan shigo, har da limaman cocin, duk da dokar raba jinsi. Ba ta yi zanga-zanga ba, ba ta hau mumbari ba. Tebur ta shimfiɗa.

A wannan shekarar ce kuma, a watan Oktoba, ta fara fitowa a tashar WDSU, tashar talabijin ta farko a Luwiziyana, wadda ba ta cika shekara da buɗewa ba. Sau biyu a mako, Talata da Alhamis, tana girki kai tsaye daga cikin littafinta, mataimakiyarta Marie Matthews na gefenta. Waɗanda ke da akwatin talabijin a lokacin yawanci farare ne masu hali, wato matan da suka saba ba wa irinta umarni su ne yanzu suke zaune da alƙalami tana gaya musu cokali nawa. Julia Child, wadda Amurkawa ke ɗauka uwar girkin talabijin, sai 1963 ta fara nata shirin. Lena ta riga ta da shekara goma sha huɗu.

Ba ta daɗe tana yi ba. Ranar 27 ga Nuwamba 1950 ciwon zuciya ya ɗauke ta a gidanta, tana da shekara 58, bayan ta wuni a wurin aiki. Iyalinta suka ci gaba da riƙe Gumbo House har 1958. Shirye-shiryenta na talabijin kuwa, da yake kai tsaye ake watsa su, babu ko ɗaya da ya rage, sai 'yan hotuna irin wanda na gani. Bayan rasuwarta sunanta ya dusashe shekaru da yawa, har a garinsu. Leah Chase ta gidan abincin Dooky Chase, wadda ta rasu a 2019, ita duniya ta fi sani da sarautar girkin Kiriyol. Sai a 'yan shekarun nan masu bincike irin su Toni Tipton-Martin da Ashley Rose Young suka sake fito da Lena, gidan tarihi na Smithsonian ma ya ba ta wuri. Da me suka same ta? Muryarta ta tafi, gidajen abincinta sun rufe, waɗanda suka ci girkinta sun mutu. Littafin nan na 1939 ne ya rage, da sunanta a bangonsa, har yau ana sake buga shi.

Ni dai ina da ƙorafi ɗaya a kan yadda ake ba da labarinta. Ana son a nuna kamar alherin Alice Vairin ne ya yi ta. Alheri kam an yi, ba a musu, Lena ma ba ta ɓoye ba. Amma gidaje nawa ne a titin Esplanade suke da yarinya mai hannu a kicin, kuma nawa ne aka tura Boston? In sai an dace da uwar gida mai kirki kafin baiwar mutum ta fito, to tsarin ne ba shi da kirki. Ina jin ita ma ta gane haka, shi ya sa da ta samu dama makaranta ta buɗe, don na bayanta kada su jira sa'a.

Hutun da ya wuce na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari biyu, na ɗauko gwangwanin madara da cokalin shayi, na zauna kusa da Mma a tsakar gida. In ta ɗebo shinkafa da hannu sai in tare da gwangwani kafin ta kai kwano, in ta ɗebo kanwa in tare da cokali. Da farko faɗa ta yi ta yi, wai ina ɓata mata lokaci, ƙullun masa ba ya jiran ɗan boko. Ranar ta uku ta tambaye ni sunan wa za a sa a sama. Na juya bangon na nuna mata, na karanta mata, nata ne da na mahaifinta. Ba ta ce komai ba, sai ta ce in goge abin da na rubuta jiya a kan yisti, rabin cokali ne ba cokali guda ba, jiya ta faɗa ne don in ƙyale ta.

Mun kai girki tara. Na goma miyar ɗanyar kuɓewa ce, ta ce sai ranar da aka samu ƙaguwa mai kyau a tashar masunta.